Ƙibar Tasalla a Shekarar Yunwa

Har yau idan na ji wani a Gangara ya ce, "Allah ya jiƙan Tasalla, baiwar Allah," sai in kau da kai. Wasu daga cikin masu wannan addu'a da idona na gan su ranar da aka ja ta a ƙasa. Yanzu sun yi furfura, sun riƙe carbi, kowa na gaishe su da durƙuso. Su sun manta. Ni ban manta ba, kuma ba ni da niyyar mantawa.

Tasalla yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce Hajo, mai bi mata. Ranar ƙaramar Salla aka haife ta, sunan ya bi ta ke nan. Ta taso siririya kamar karan gero, ga baki. In ta tsokane ka sai ka yi dariya tukuna, sai ka isa gida ka gane zaginka ta yi. Wurin innarmu ta koyi daddawar batso, wadda ake yi da gurguzun yakuwa, kuma kafin ta yi aure ta fi innar iyawa, ko da yake ba mai faɗin haka a gaban tsohuwa. An aurar da ita ga Kalilu, manomi ne a nan Gangara, mutum mai sanyin hali har ya yi yawa. Ni kuma aka kai ni Isa, gidan Ibrahima, ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar yana sarowa.

Ciwon ya same ta a haihuwarta ta fari, tana cikin jego. Barci ya fara ƙaurace mata. Daga nan ta ce tana jin mutane suna magana a cikin randa, suna shawarar yadda za su ɗauke jaririn. Ta fasa randar. Ta koma tana jin su a cikin rumbu. Wata safiya aka tsinto ta a bakin gulbi, ba ɗankwali, ta ɗaure yaron a ƙirji tana yi wa ruwa faɗa.

Abin da aka saba yi shi aka yi. An sha rubutu, an yi hayaƙi har idanunta suka kumbura. 'Yan bori sun zo da garaya, sun ci baƙin bunsurun Kalilu, sun ce an sasanta da masu abu, wato aljanun da ke kanta, suka tafi suka bar ta yadda suka same ta. Daga ƙarshe aka kai ta wurin wani mai magani a wani ƙauye kusa da Alkalawa, wanda aka ce ba a kai masa mahaukaci ya dawo da haukansa. Gaskiya ne, da yawa ba su dawo ba. Marin ƙarfe ya sa mata a ƙafa, ya ɗaure ta a gungume, safe da yamma yana zane ta da tsumagiya wai aljanin yake duka. Aljanin dai ban ga tabo ko ɗaya a jikinsa ba, a bayan yayata na gani. Tana can jaririn ya rasu a hannun innarmu, ba a ma gaya mata ba.

Ibrahima ne ya fid da ita. A tafiye-tafiyensa ya san wani direba da ya taɓa irin wannan ciwo, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali can wajen Sakkwato, ga shi yanzu yana tuƙa mota lafiya ƙalau. Muka sa ta a bayan motar kaya, ni da shi da Kalilu. Abin da ya fi ba ni mamaki a asibitin shi ne likita ya zauna yana tambayarta ita kanta. Tun da ciwon ya fara ba wanda ya tambaye ta komai, aljani kawai ake tambaya. Ya ce yaushe rabonta da barci, me muryoyin ke cewa, daga waje take jin su ko daga cikin kai, akwai wanda ya taɓa irin haka a danginmu. Ya daɗe yana saurare. Sa'an nan ya ce mana ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ciwon ƙirji ko na hanta, haihuwa ce ta tayar da shi. Ya ce magani zai kwantar da shi muddin ana sha, in an daina zai dawo. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙwayar maganin tana sa cin abinci da ƙiba, kuma in an daɗe ana shanta wasu bakinsu kan riƙa motsi da kansa, in mun ga haka mu dawo da ita a sauya mata.

Ta dawo gida da hankalinta. Ta yi kukan ɗanta a makare, ta share hawaye, ta ɗora tukunyar gurguzu. Shekaru suka yi ta wucewa lafiya. Ibrahima na karɓo mata ƙwaya in ya bi ta Sakkwato, ita kuma ba ta fashi. Kasuwar Sabon Birni da ta Isa duk an san farantinta, matan da ba su iya miya ba ita ce rufin asirinsu. Allah bai sake ba ta haihuwa ba, sai ta mai da 'ya'yan maƙwabta nata. Ta yi jiki, ta yi kumatu, har ana tsokanar Kalilu wai ya iya kiwo. Ita ma takan buga cinyarta ta ce, "Wanga ba tuwon Kalilu ba na, aikin likita na." Kowa ya ji ta faɗi haka, ba sau ɗaya ba. Ina so a riƙe wannan, domin daga baya duk sun ce ba su taɓa ji ba.

Sai fari ya zo, wancan na shekarun tamanin da 'yan kai. Damina ta farko gero ya yi kai ya bushe a tsaye. Ta biyu ko tsiro ba a gani ba sosai, aka yi ta shuka ana binne iri a banza. Rumbuna suka zama wurin kwanan ƙadangaru. Mata suna tonon gidan tururuwa don su ƙwace 'yan ƙwayoyin da ta tara, ana jiƙa 'ya'yan itacen anza ana zubar da ɗacin ana ci, dusar da ake ba awaki ta zama abin tuƙawa. Maza suka watse Kurmi neman abin da za su aiko. Kalilu ma ya tafi, ya bar gidan a hannun wansa Wada, mutumin da ya fi kowa son a ce shi ne babba amma in magana ta taso ya fi kowa saurin duba inda jama'a suka karkata.

Mu a Isa da ɗan sauƙi saboda fataucin Ibrahima. Duk lokacin da aka samu garin rogo nakan ɗiba in kai wa Tasalla. Rabin abin da na kai a cikin 'ya'yan unguwa yake ƙarewa, musamman Habi, 'yar maƙwabciyarta Binta, yarinya ƙarama da ta mai da ɗakin Tasalla gidansu. Na yi faɗa har na gaji. Amma jikin da aka tara shekara da shekaru ba ya zubewa rana ɗaya, ga ƙwaya na riƙe da shi. Kowa a Gangara ya koma ƙashi da fata, wuyan mata ya yi tsawo, ita kuwa kumatunta na nan.

A cikin wannan hali bakin ya fara. Tana zaune sai ka ga muƙamuƙinta na juyawa kamar mai taunar goro, ba komai a bakin. Wani lokaci harshe ya leƙo ya lashi leɓe ya koma. Ita ba ta ma san tana yi ba. Da na gani na tuna maganar likita, na ce mu tafi. Wada ya ce matar ƙanensa ba ta tafiya Sakkwato ba da izinin mijinta ba, kuma a wannan marra da mutane ke mutuwa, motsin baki ba ciwo ba ne. Tasalla ta ce in bari Kalilu ya dawo.

Ƙyanda ta shigo gari ta tarar da yara ba ƙarfi. Kusan kullum sai an ɗauki ƙaramar gawa. A nan ne ido ya fara komawa kan Tasalla. Mace ba ɗa, ta yi ɓulɓul ana yunwa, kullum yara a ɗakinta, kuma tana tauna abin da ba wanda ya ga ta sa a baki. A ƙasarmu ba sai an gaya wa kowa ma'anar wannan ba. Tun muna yara ake ce mana maye in ya kama kurwar mutum ɓoye ta yake yi yana ci a hankali, in ya ga wanda ya yi masa sai yawunsa ya tsinke.

Habi ta kwanta. Binta ta kira wani mai maganin mayu da ke yawo ƙauye-ƙauye, irin waɗanda yunwar mutane ke zame musu kaka. Ya lulluɓe yarinyar da zane, ya tura mata hayaƙi, yana ce mata ta faɗi wanda ya kama ta. Yarinya mai zazzaɓi, cikinta ba komai, hayaƙi ya shaƙe ta, wa za ta kira in ba mai ba ta abinci ba? Ta kira Inna Tasalla.

Ranar na zo da garin rogo, da hantsi. Tun daga bakin gari na ji ihu. Na tarar an fito da ita daga ɗaki ana ja, zanenta ya kwance, mata na jifanta da ƙasa. Aka tsai da ita a tsakar gidan Binta, inda aka shimfiɗe Habi a tabarma. Tsoro ya sa bakin ya ƙara gudu.

Binta ta nuna ta da hannu tana kururuwa. "Ku dube ta! Ko yanzu tamna takai! Ki sakam mani ɗiyata, Tasalla, mi nay yi maki?"

Na kutsa cikin mutane na tsaya a gabanta. Na ce, "Ku ji tsoron Allah! Ƙwayar asibiti ta ka sa bakin ga motsi. Likita ya hwaɗa muna tun hwarko, gaban Kalilu. Ƙibar ma kun san ta magani ta, da kunnuwanku kunka ji."

Mai maganin ya yi 'yar dariya ya ce, "Likita mi yas sani ga maita?"

Na juya wurin Wada, wanda ke tsaye a bakin zaure ya harɗe hannu a baya kamar baƙo. Na ce, "Yaya Wada, amanar ƙanenka ta hwa. Ka yi magana."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Hajo, ki yi kurum. In ba ta ci ba, tsallakawa mi za ta rage ta da shi? Ta tsallake a wuce wurin."

Al'adar ke nan. Wanda aka zarga sai ya tuɓe ya tsallake maras lafiya, wai a nan yake sakin kurwar. Suka cire mata riga da zane suka bar ta da fatari, a gaban maza, a gaban yaran da ta ciyar. Tabon tsumagiyar nan na dā duk ya fito a bayanta. Ba ta yi gardama ba. Ta dubi Habi, ta tattara fatarinta don kada ya taɓa fuskar yarinyar, ta tsallake.

Wanda ya ƙirƙiro wannan al'ada ya iya mugunta, domin bai bar ƙofa ko ɗaya ba. In yaro ya mutu, mayya ta riga ta cinye. In ya tashi, ai ga shi ta saki. Habi ta tashi. Ƙyanda ta gama kwanakinta ta tafi, kamar yadda takan yi wa wanda ke da sauran kwana, kuma garin rogon da na kawo ranar, Tasalla ce ta aika da shi gidan Binta aka dama mata. Amma duk Gangara ta ce an ga hujja.

Daga ranar ba wanda ya sake dukanta, ba wanda ya zage ta. Daina ganinta kawai aka yi. In ta nufo rijiya mata su janye gugansu su ba ta wuri, ba mai cewa sannu. In ta yi sallama a ƙofar gida sai a ji ana kiran yara ciki. Labari ya riga ta isa kasuwar Sabon Birni, ta kai daddawa ta dawo da ita yadda ta kai. Wa zai sa abin hannun mayya a miyarsa? Habi kanta in ta hango ta sai ta ruga, an rataya mata laya a wuya. Mace mai son hira kamar Tasalla ta wuni ta kwana ba wanda ya amsa mata magana. Na ce ta taho Isa, Wada ya ce sai mai ita ya dawo.

Ban san ta daina shan ƙwaya ba sai da na ga ta fara zubewa. Ta yi tunanin in ta rame, in bakin ya tsaya, za su gane. Ta rame ɗin, amma bakin bai tsaya ba, sai ma abin da ya ƙaru. Barci ya gudu, muryoyin suka dawo. Wata ranar Juma'a ta fito ana saukowa daga masallaci, ba mayafi, tana kiran sunayen yaran da suka mutu tana cewa su fito ga kunu ya huce. Wada ya kira maƙeri. Aka buga mata mari a gaggauce, ya matse har ya ci naman idon sawunta, aka ɗaure ta a turke a bayan ɗaki.

To, a nan ne abin da ya fi ƙona mini rai ya faru. Gari ya yi laushi. Liman ya ce mahaukaci an ɗauke masa alƙalami, ba a bin sa da laifi. Wasu suka ce alhaki ne ya kama ta, ta biya, magana ta ƙare. Waɗanda suka ƙi amsa sallamarta suka fara leƙowa suna "Sannu Tasalla, Allah shi ba da lahiya." A cikin wannan yunwa ana kawo mata ɗan kunu a ƙoƙo, domin ciyar da mahaukaci sadaka ce mai lada. Binta da kanta takan zo ta zauna nesa kaɗan tana yi mata hira. Yara suka dawo suna zagaye ta, tana ba su labarin da ba kai ba gindi suna dariya. Sun san yadda ake zama da mahaukaciya, sun gada tun kakanni, kuma ba ta tsorata kowa tunda tana ɗaure.

Damina ta gaba ruwa ya sauka, Kalilu ya dawo. Da ya ga ƙafarta ya zauna a ƙasa ya yi kuka, wanda shi ne iyakar abin da ya iya. Ni da Ibrahima muka sa aka cire marin, muka kai ta asibiti tana zage-zage. Likita ya sauya mata magani, ya ce bakin zai ragu amma mai yiwuwa ba zai daina gaba ɗaya ba, an bar shi ya daɗe. Ta yi makonni a can ta dawo tsaf, Tasallarmu ta dā, har tana tsokanar direba a hanya.

Gaisuwa ta ɗauke. Ba a yi shawara ba, ba wanda ya ba da umarni, amma kafin gero ya nuna ƙoƙon kunu ya daina zuwa, an sake kiran yara ciki. Tunda ta warke, kumatu sun fara dawowa, baki na ɗan motsi, ai mayyar ce ta dawo. Na roƙe ta ta taho Isa ta zauna da ni. Ta ce a Isa ma an ji, kuma ita ba ta iya zama inda za ta ja wa 'ya'yana a riƙa nuna su da baki.

Ranar da na je ganinta bayan girbi, da la'asar, na same ta ta share tsakar gida, ta yi wanka, ta yi kitso. Kalilu na gefe yana gyaran igiya. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar ƙwayar, ta kama hannuna ta ɗora mini, ta naɗe yatsuna a kai.

Na ce, "Yaya, mi nana haka?"

Ta ce, "Ki kai ma wani mai bukata. Ni na gama."

Na tashi tsaye. Na ce mata ta san abin da zai biyo baya, ta san muryoyin, ta san turke. Na ce don waɗannan mutanen za ta zubar da hankalinta, mutanen da suka tuɓe ta? Na zagi Binta, na zagi Wada, na zagi garin kaf, da ƙarfi yadda na bayan katanga za su ji. Ta bar ni har na gaji.

Sa'an nan ta ce, "Na san duk wanga, Hajo, na hi ki sani. Muryoyin nan tsoro su ka ba ni, ba kaɗan ba. Amma ke kina Isa cikin ɗiyanki. Ni ka kwana nan in tashi nan. Jiya tun sahe har hwaɗuwar rana ina zamne ƙohwar gida, ba wanda yac ce mani ko ci kanki. Ba ni iyawa."

Na juya ga Kalilu na ce ya hana ta. Ya sunkuyar da kai yana murza igiyarsa.

Ita ce ta yi masa magana, a natse, yadda takan ce masa ya sayo gishiri. "Malam, gobe ka kira maƙeri tun ina da hankalina. Shi zo shi gwada ƙahwata da kyau. Na wancan karon ya matse ni ƙwarai."

Maƙerin ya zo da safe. Ita ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa, ta miƙa ƙafar.